Bindiga Mai Jan Ɗigo

Williamsville, Adjamé
Ranar Litinin

Kawu Ɗan Azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna Zalihatu. Yaya ƙafarta, yaya kuma kunnenka? Na san waya ba ta yi maka amfani yanzu, ka kuma ce rubutu a kan gilashi aikin yara ne, shi ya sa na ɗauki biro. Maƙwabciyata Barakatu tana kai kaya kasuwar Treichville kusan kullum. Ita za ta miƙa maka wannan, ita kuma za ka ba amsa.

Kawu, bindiga nake so in saya.

Don Allah kada ka ajiye takardar, ka karanta har ƙarshe. Ka san abin da aka yi wa mijina Yazid a bayan Mairie, ofishin magajin gari, da rana tsaka, mutane na kallo. Saran da aka yi masa a baya ya tafi da ƙafafuwansa, hannun dama kuma yana nan kamar ba nasa ba. Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti, maza suka ɗauko shi a kan kujera suka hau da shi matakalar gidanmu mai ƙunci, bai sake taka ƙasa ba. Duniyarsa yanzu gado ce da taga, tagar ma bangon maƙwabta take kallo.

Ni kaɗai nake riƙe da shagon atamfa. Ina fita, amma ban san ko fita ake kiran wannan ba. Daga ƙofar gida zuwa tasin woro-woro gudu nake yi. A kasuwa ba na yarda kowa ya tsaya a bayana. Makon jiya wani mai tura amalanke ya daka tsawa a ba shi hanya, sai na tsinci kaina a durƙushe a ƙasa na rufe kai, mata suna ta ce mini yako, yako, wato sannu. Yaran da suka yi aikin nan ba a kama ko ɗaya ba. Na daina bi ta bayan Mairie, sai in yi zagaye mai nisa, kuma ko a can ɗin zuciyata ba ta kwanciya.

Yazid ne ya kawo shawarar. Ya ce mace ita kaɗai a Adjamé, miji a kwance, dole a samu abin tsaro. Ba ta bayan fage nake so ba. Na kai takarduna na neman permi, wato izinin riƙe bindiga, har an kira ni an yi mini tambayoyi, an ce in jira.

Kai ka yi shekaru kana koya wa masu gadin kamfani harbi, har abin ya cinye maka kunne. Ka zaɓa mini. Ina son wadda za ta ɓuya a ƙarƙashin hijabi ba wanda ya lura. Sannan idona ya fara gajiya, zare ma ba na iya sa wa allura sai da tabarau. Mai shagon da ke da izinin sayarwa ya nuna mini hoton wasu da ake ɗora wa wani ɗan gilashi mai jan ɗigo, ya ce su ne daidai da ni. Ban gane komai ba, na dai gyaɗa kai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗiyarka,
Iklima


Treichville
Ranar Alhamis

Ɗiyata Iklima,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa. Ƙafar Innarki da sauƙi. Kunne kuwa yana nan yadda kika san shi, kiran salla ma sai ta taɓa ni nake sani. Ki gaida Yazid, Allah ya tashi kafaɗarsa.

Na karanta har ƙarshe, har sau biyu. Ba zan ce miki a'a ba, don na san tsoro, kuma ke ba yarinya ba ce. Amma ba a zaɓa wa mutum bindiga daga nesa, kamar yadda ba zan zaɓa miki takalmi ban ga ƙafarki ba.

Kowa idan ya zo sabo, mafi ƙanƙanta yake nema, don ta fi ɓuya. Ita ce kuma ta fi wahalar harbi. Ba ta da nauyin da zai shanye bugun, sai ta yi tsalle a hannu, ɗan yatsanki na ƙarshe yana lilo babu inda zai kama. Wanda bindiga ta ji wa ciwo ba ya son komawa filin koyo, wanda kuma ba ya koyo gara ya riƙe tsintsiya. Babba tana da daɗin harbi, amma za ta turo hijabinki, kafin azahar ƙugunki ya gaji ki cire ta ki jefa a jaka. Ta tsakiya za mu nema, wadda duk yatsunki za su zauna a mariƙinta.

Mai shagon bai yi miki ƙarya ba. Tsohon saiti na ƙarfe yana so ido ya haɗa abu uku a layi ɗaya, kuma idon da ya kasa allura ba zai iya ba. Shi gilashin nan, abin da kike so ki harba kike kallo, ɗigon ya sauka a kansa. Sai dai ki nemi wadda tun daga masana'anta aka yanka mata gurbin gilashin a sama, kada wani maƙeri ya ce zai huda miki. Ki tabbatar saitin ƙarfen yana nan ana hango shi ta cikin gilashin, saboda batir yana mutuwa, kuma ba ya yin sallama. Ɗigon ma ba ya zuwa da kansa. Ranar farko za ki ɗaga ki neme shi ki rasa.

Dole kube mai tauri wanda ya rufe kunamar gaba ɗaya, a jikinki, ba a jakar hannu ba. Jaka ita ɓarawo yake fara fizga. Ga gumi ga iskar ruwan lagun mai gishiri, ƙarfen da ba a shafa wa mai a garin nan tsatsa yake yi.

Wani tsohon ɗalibina, Badaruddeen, shi ke kula da filin harbi na wani kulob a bayan gari. Ki rufe shago da wuri ranar Asabar ki ƙetaro gada, zan kai ki. Za ki riƙe uku ko huɗu, hannunki ne zai yi magana.

Abu ɗaya ki zo da amsarsa. Idan kin fitar da ita a tsakiyar kasuwar Adjamé, wa ke tsaye a bayan wanda za ki harba?

Allah ya tsare.

Kawunki,
Ɗan Azumi


Williamsville
Ranar Talata

Kawu,

Gaisuwa mai yawa a gare ka da Inna. Ka ce mata har yanzu ina tuna miyar kuɓewar nan.

Ban samu yi maka godiya yadda ya kamata ba ranar Asabar, ga abin toshe kunne a kaina, ga naka kunnen, sai muka koma magana da hannu. Kawu, tun ranar da aka sari Yazid ban yi numfashi irin na wurin nan ba. Harbin farko na rufe ido, ka gani, har ka juya baya don kada in ga dariyarka. Amma da na riƙe ta uku, mai ruwan ƙasa, na ɗaga, na yi ta neman ɗigon sama da ƙasa, sai ga shi ya zauna a kan takardar. Na danna. Rami ya fito daidai inda yake. Na daɗe ban yi abu ya tafi inda na nufa ba.

'Yar ƙaramar baƙar nan ta ƙone mini tafin hannu, ka yi gaskiya. Murfinta na sama ma da ƙyar na ja shi baya. Mai ruwan ƙasan ita ce ta zauna mini. Da Badaruddeen ya ba ni kube na gwada a ƙarƙashin hijabi, a tsaye ba ta fito ba, sai dai idan na sunkuya kamar zan ɗauko bandir a ƙasa, gindinta yana turowa kaɗan.

Tambayarka ta kasuwa ban da amsa. A bayan kowa a Adjamé akwai mace da goyo. Ina ta tunani.

Ga albishir. Yazid ya canza. Mutumin da sai in yi ta magana yana kallon rufi, da na dawo ya sa na zauna na ba shi labari daga farko har ƙarshe. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya sa na kira masa ƙaninsa a Katsina suka daɗe suna hira, ya yafe wa wani abokinsa da suka yi shekara ba sa magana. Agogonsa ma ya ba mijin Barakatu, ya ce hannun da yake ɗaurawa ya yi ritaya. Har dariya ya yi.

Ya ce in yi maka wasu tambayoyi, na rubuta yadda ya faɗa. Wace ce a cikinsu mai hannu ɗaya zai iya ɗanawa? Kunamar mai ruwan ƙasan tana da tauri ga hannun hagu? Idan na dawo gida a ina ya kamata a ajiye ta, ko ɗurowar gefen gado ta yi, tunda nan ta fi kusa idan ɓarawo ya shigo? Ya ce shi ne a gida wuni guda shi kaɗai, ya kamata ya iya kare kansa. Wai kuma gilashin nan ɓata lokaci ne, in bar shi, kada jiran sa ya jinkirta saye. Nan ne muka yi gardama, na ce masa idon nawa ne.

Kullum sai ya tambaye ni ko permin ya fito.

A huta lafiya, Kawu.

Iklima


Treichville
Ranar Laraba

Iklima,

Salama da gaisuwa. Barakatu tana tsaye a ƙofa, na ce ta jira, ba zan bari wannan ta kwana ba.

Mai ruwan ƙasan ta yi. Turowar nan kube ne, a matsa shi gaba kaɗan a karkata shi, ta ɓace. Wannan ke nan.

Tambayoyin Yazid ba zan amsa ko ɗaya ba. Ke ma kada ki tambayi Badaruddeen, kada ki tambayi mai shago.

Ɗiyata, ki zauna kafin ki ci gaba. Mutumin da yake tsoron ɓarawo, ƙofa yake tambaya a kai. Yana tambayar kwaɗo, yana tambayar wa zai ji ihunsa. Idan ya zo kan bindiga, abin da ya fi damunsa shi ne ya sami wanda ya nufa, ga shi da hannun hagu da bai saba ba. Irin wannan mutum shi zai fi kowa son gilashin. Mijinki ya ce a bar shi. Bai damu da saiti ba.

Na yi aiki da maza masu ɗauke da makami shekara da shekaru. Na san wani mai gadi, mutumin kirki, da ya daɗe cikin baƙin ciki, rana ɗaya ya wayi gari da fara'a, ya raba kayansa, ya nemi gafarar kowa. Muka ce alhamdulillahi ya warke. Ba warkewa ba ce. Shawara ya yanke, shi ya sa ya sami sauƙi.

Ina roƙon Allah ya sa kuskure nake yi, ki zo ki zage ni in ji daɗi. Amma kafin nan, bindiga ba za ta hau matakalar gidanku ba. A kulob akwai akwatunan ƙarfe da ake kulle na mutane. Idan permi ya fito, can za ta zauna. Magungunansa ma ki kwashe daga gefen gado, ki riƙa ba shi da hannunki. Kada a bar shi wuni shi kaɗai.

Sannan ki tambaye shi, kai tsaye, da sunan abin. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Kawunki


Williamsville
Ranar Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa, don tarbiyya ta hana ni fara wasiƙa babu ita.

Yazid mahaddacin Alƙur'ani ne. A kwance yake salla, bai taɓa barin ta wuce ba. Ka zo ganinsa sau ɗaya tun da aka sallame shi, ka zauna kana murmushi ba ka jin abin da yake faɗa, yau kuma daga Treichville ka leƙa cikin zuciyarsa? Wata da watanni ina roƙon Allah ya nuna mini haƙoran mijina. Ranar da na gani, sai ka ce in ji tsoro.

Ni fa? Idan ta zauna a akwatin kulob, me zan sa a ƙarƙashin hijabin? Ka kai ni ka ɗanɗana mini, yanzu ka ce in koma in ci gaba da durƙusa wa masu amalanke.

Ba sai ka amsa ba.

Iklima


Williamsville
Ranar Lahadi

Kawu,

Ka yafe mini. Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a.

Ranar Juma'a aka kira ni aka ce takardata ta fito. Na dawo da la'asar na tarar ya sa Barakatu ta kira masa wanzami, an yi masa aski, yana sanye da farar rigarsa. Na faɗa masa. Fuskarsa ta yi haske, ya ce, "Gobe sai ki karɓo ta."

Ban shirya ba, Kawu, maganar ce ta fito da kanta. Na ce, "Zan karɓa, amma a kulob za ta zauna. Ba za ta shigo gidan nan ba."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce ni na ce.

Sai ya ce, a hankali, "To mene ne amfaninta?"

Na ce, "Amfaninta ga wa, Yazid?"

Ya juya fuska bango. Na zagaya na tsuguna tsakanin gadon da bangon, inda ko tsayuwa ba a yi sosai, na riƙe hannun nan mai rai. Na tambaye shi yadda ka ce, da sunan abin. Na ce, "Kashe kanka kake so ka yi?"

Na zaci zai yi mini tsawa. Wallahi na so ya yi. Sai ya ce, "Iklima, ki dubi kanki. Kin rame. Ki ɗaga ni, ki wanke ni, ki juya ni, ki tafi kasuwa kina rawar jiki, ki dawo ki sake. Ni an rufe ni a ɗakin nan, ke kuma an rufe ki da ni. Ɗayanmu dai ya kamata ya fita."

Ban san abin da na faɗa ba. Na san na buge shi a ƙirji, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na ce wa ya ba shi izinin yanke mini abin da zan iya ɗauka. Muka yi kuka har aka kira magariba.

Na kwashe magungunan, suna wurin Barakatu. Mijinta yana zama da shi da safe, ni kuma ina rufe shago da rana. Na kira ƙaninsa, yana hanya. Likitan da ke duba shi ya haɗa mu da wata likitar masu ciwon damuwa da aikinta ke nan, ta ce za ta hau matakalar ta same shi. Ya ce ba zai yi mata magana ba.

Na je na karɓi mai ruwan ƙasan, aka ɗaura mata gilashin, na kai wa Badaruddeen ya kulle. Na riƙe ta kaɗan kafin in miƙa. Daga can na shiga bas ɗin gbaka na dawo Adjamé hannu wofi, kuma da muka zo kusa da Mairie jikina ya yi rawa kamar kullum. Ban san yaushe zai daina ba.

Ya nemi takarda da biro. Ina jin kai zai rubuta wa. Ban karanta ba, ba zan karanta ba.

Ɗiyarka,
Iklima


Williamsville

Malam Ɗan Azumi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da suruki. A yi haƙuri da rubutun, hannun hagu ne, yanzu yake koyo.

An ce kai ka gano ni. Ban sani ba ko in gode ko in yi Allah ya isa.

Kada ka yi mini wa'azi. Ayoyin da za ka kawo na san su, na koyar da su. Ina karanta su kullum, kuma kullum gari yana wayewa bangon nan yana nan. Ni da nake zuwa Lome da Kwatano in dawo a mako guda, ni da nake sanin kwantena ta iso tun kafin a kira ni, yau idan ƙuda ya sauka a ƙafata sai dai in kalle shi. Matata tana shigowa da murmushin da ta ɗaura a matakala. Ina jin lokacin da take tsayawa ta ɗaura shi.

Kai aƙalla kana tashi ka fita. Me ka sani?

Yanzu an sa mini masu gadi. Mijin Barakatu yana zama yana ba ni labarin ƙwallo, yana kallon hannuna. Ka ƙara mini ƙofa a kan ƙofa, ka kuma hana Iklima abin da zai sa ta yi tafiya da kai a sama. Wannan na biyun shi ya fi ci mini rai, domin da gaske tana buƙata, kuma ni na ɓata mata.

Ka faɗa mini abin da mutum irina zai yi da sauran kwanakinsa. Ba da gatse nake tambaya ba. Idan kana da amsa ina so.

Wassalam.

Yazid


Treichville
Ranar Laraba

Yazid,

Wa alaikumus salam. Rubutunka ya fi nawa kyau, ni da nake da hannu biyu.

Ka yi Allah ya isa idan ka so. Mai rai ne yake yi.

Ba ni da amsar tambayarka, ba kuma zan ƙirƙiro maka ba. Ba zan ce na san halin da kake ciki ba. Nawa ƙarami ne. Ina fita, gaskiya ne. Ina zama a majalisa bakuna suna motsi, a yi dariya in yi, ban san me aka ce ba. Jikata ta fara magana bara, ban taɓa jin muryarta ba. Shekarar farko na daina fita, na ce ciwon kai. Innarku ce ta gane, ta kai ni wurin likita ina zaginta a hanya. Ban gaya wa likitan komai ba zuwan farko. Na biyu na gaya masa kaɗan. Ba a mayar mini da kunne ba, amma nauyin ya ragu har na iya ɗauka. Iyakar abin da na sani ke nan. Idan likitar nan ta hau matakala, ka bar ta ta zauna.

Maganar Iklima, ba kai ka hana ta ba, ba ni ba. Ita ta auna ta zaɓa. Kada ka raina zaɓinta ka ce ta yi kuskure. Za ta ci gaba da zuwa filin ranar Asabar, don hannunta yana da kyau kuma wurin yana yi mata magani. Matan layinsu a kasuwa sun fara fitowa tare su koma tare, ita ta haɗa su. Bai kai bindiga ba a ganinta, na sani.

Ga abin da nake da shi. Mai hayar ɗakin da ke kusa da nawa ya tashi. A ƙasa yake, ƙofarsa tana kallon titi, keken guragu zai shiga ya fita. Da safe masu kifi suna wucewa, da yamma ana buga dara a gindin bishiya ana cutar juna. Masallaci yana ƙarshen layi, kuma yaran unguwa ba su da mai yi musu tilawa tun da malaminsu ya koma gida. Ban ce wannan amsa ba ce. Ɗaki ne mai ƙofa.

Bindigata ta aiki na mayar tun ranar da na ajiye aiki. Babu komai a gidana sai wuƙar Innarku, ita ma ba ta yanka albasa.

Ba na gaggauta ka. Ka ce e ko a'a, da bakinka.

Surukinka,
Ɗan Azumi


Williamsville
Ranar Asabar

Malam,

Salam. Likitar ta zo. Na bar ta ta zauna. Za ta dawo.

Ban yi maka alkawarin komai ba, kuma tunanin bai tafi ba. Na dai gaya wa Iklima duk ranar da ya yi ƙarfi zan faɗa mata, na kuma faɗa sau ɗaya.

Ɗakin, ban ce e ba tukuna. Ka fara zuwa gobe bayan azahar, ka taho da takarda mai yawa. Ni ba na tashi, kai ba ka ji, babu wanda zai gudu ya bar wani.

Yazid